Dilan Tatsuniya da Dilan Daji: Yadda Za Ka Koya wa Yara Sanin Dila da Mazauninsa

Tara yara goma a kowace unguwar Hausawa ta Garwa ko Marwa ko Kusuri a arewacin Kamaru, ka ce wa ya san dila, duk za su ɗaga hannu. Ce musu wa ya taɓa ganinsa ido da ido, sai hannuwa su riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya. Wanda suka sani shi ne na bakin kaka, malamin daji, sarkin wayo. Na gaske kuwa, wanda ke ratsa gonar masakwa da asuba yana bin ɓeraye, sai ɗan makiyayi da ɗan manomi, su ma da sunan ɓarawon kaji suka san shi. Na daɗe ina koyar da yara 'yan shekara bakwai zuwa goma sha biyu a gefen Garwa, kuma ga yadda nake haɗa musu dilolin nan biyu cikin mako uku, da kayan da ba su wuce na tsakar gida ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Janairu: mayo, wato rafi, ya ƙafe ya bar yashi mai laushi, magarya ta nuna, zafi bai kama ba.

Fara da tatsuniya, da ƙwarya uku

Kada ka fara da allo. Ka zaunar da su a inuwa, in da rana ne a ɗaure Gizo yadda aka saba, ka ce ga ta nan ga ta nanku. Ni wadda na fi so ita ce ta rabon nama. Zaki da kura da dila suka fita farauta, suka kama sa da akuya da zomo. Zaki ya ce kura ta raba, ta ba shi sa, ta ɗauki akuya, ta bar wa dila zomo. Zaki ya kai mata mari sai da ta ga taurari. Ya juyo kan dila, dila ya ce: "Ranka ya daɗe, sa na kalaci ne, akuya ta rana, zomo kuma ka taɓa kafin barci." Zaki ya ce wa ya koya maka rabo mai kyau haka? Ya ce marin da kura ta sha.

Da an yi ƙurunƙus, ka ajiye ƙwarya uku a gabansu, ka ba kowa tsakuwa biyar. Ƙwarya ta farko ta gaskiya ce, ta biyu ta tatsuniya, ta uku kuma ta abin da za mu bincika. Sai ka riƙa jefo magana ɗaya ɗaya, kowa ya jefa tsakuwarsa inda ya ga ta dace. Dila na magana? Tatsuniya. Dila na bin zaki don ya ci ragowar nama? Wannan gaskiya ce, yakan tsaya nesa kaɗan yana jira, wani lokaci ya fizgi tsoka ya ruga. Dila na cin magarya? A nan za ka ga sun rabu biyu, har da musu. Kada ka raba musu gardamar. Ka rubuta maganar a takarda ka jefa a ƙwarya ta uku. Wannan ƙwarya ita ce za ta riƙe maka yaran har ƙarshen mako uku, domin yaro ba ya mantawa da musun da bai ci ba.

Wane dila ne namu?

A nan na taɓa yin kuskure, kuma ina so ka tsira daga shi. Shekarar da na fara, hoton da na samu a wani littafin makaranta na zana a allo: dila mai baƙin gadon baya kamar an shimfiɗa masa sirdi. Wani dattijo makiyayi da ke wucewa da shanunsa ya tsaya ya duba, ya ce: "Malam, wannan kuma dilan ina ne? Tun ina yaro nake daji, ban taɓa gamuwa da shi ba." Na ce: "Baffa, ai a littafi yake." Ya ce to na littafi ne. Shi ke da gaskiya. Mai baƙin bayan nan a gabashi da kudancin Afirka yake, Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Babu shi a Kamaru, babu shi a Chadi.

Namu iri biyu ne. Na farko mai ratsi a kuiɓi, toka-toka, ga ratsin fari da baƙi daga hammata zuwa ƙugu, kuma kan wutsiyarsa fari. Shi ya fi son inda ruwa ya fi yawa, ciyawa ta yi tsawo, itatuwa suka yi kauri, kamar dajin Binuwai da Buba Njida da Faro, har Zakuma ta Chadi. Na biyu ruwan ƙasa ne mai ɗaukar launin yashi, kan wutsiyarsa baƙi. Shi ne na sahel, na dajin Waza da bakin Tafkin Chadi da arewa da nan. Wannan na biyun yana da labari mai daɗi ga manyan yara: shekara da shekaru masana na ɗaukarsa ɗaya ne da dilan Asiya da gabashin Turai, sai a 2015 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa jinsinsa daban ne, kuma ya fi kusa da kyarkecin Turai. A bakinmu dai dila ne. Ina gaya wa yara wannan don su san cewa masana ma suna da tasu ƙwarya ta uku.

Aikin hannu a nan wutsiya ce. Kowa ya samo ɓawon rama ko igiyar buhu, a tsefe ta ta yi buzu-buzu, tsawon kamu ɗaya da rabi. Rabin yara su tsoma kan a jiƙaƙƙen alli, rabi a dakakken gawayi. A ɗaura a ƙugu. Daga ranar aji ya kasu: 'yan farar wutsiya mutanen kudu, 'yan baƙar wutsiya mutanen arewa. Sai ka auna musu girmansa da abin da hannu zai taɓa. Yanke kara mai tsawon santimita 40, wannan shi ne tsayin dila daga ƙasa zuwa kafaɗa. Cika jarka mai lita 10 da ruwa kowa ya ɗaga, nauyin babban dila kenan, domin yawanci tsakanin kilo 7 ne da 14. Yaran da suke zaton ya kai kura girma za su yi mamaki. Ka ambaci yanyawa a nan, tunda ita ma kan wutsiyarta baƙi ne, amma ba ta kai rabinsa ba, ga kunnuwa fatan-fatan.

Sawu a kan yashi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ya fi cin lokaci. Ka ba shi kwana huɗu ko biyar.

Ranar farko a gida za a yi. A jiƙa yashi a tsakar makaranta, a lallaɓa shi da katako, a sa mai kare ya ratsa da karensa, sannan a jawo kyanwa ita ma ta taka. A durƙusa a duba. Kare na barin yatsu huɗu da tafi ɗaya a baya, ga alamar farce a gaban kowane yatsa. Kyanwa ba ta barin farce, domin a tafiya ɓoye shi take yi, kuma sawunta zagayayye ne. Ka ba yaro tsinke ya ja layi biyu masu gicciye juna a tsakiyar sawun kare, zai ga sun ratsa tsakanin yatsu da tafi ba su taɓa ko ɗaya ba. A na kyanwa hakan ba ya yiwuwa. Dila dangin kare ne, don haka sawunsa na bin wannan ƙa'ida, sai dai ya fi tsukewa, tsawonsa wajen santimita 5, yatsun tsakiya biyu sun miƙe gaba kusa da juna.

Rana ta biyu da la'asar sai ku fita, ba nesa ba. Bakin mayo, ko hanyar da ta raba gona da daji, inda za ku je ku dawo kafin magariba. Ka tafi da babba ɗaya ko biyu daga iyayen yara, ka kuma sanar da mai unguwa. A share wuri uku, kowanne taku biyu tsawo taku biyu faɗi, a tankaɗe yashi da rariya, a yayyafa ruwa kaɗan, a shafe da tsintsiya. Kada a sa nama ko ƙashi don jawo shi. Wasu za su ba ka wannan shawara, ka ƙi. Dilan da ya saba samun abinci kusa da mutane gobe akurkin maƙwabci zai nufa, jibi kuma a kashe shi.

Washegari da sassafe, kafin dabbobi su fito kiwo su tattake, a koma. Rana ba ta yi sama ba, inuwa na cika ramin sawu, ido na ganinsa sosai. Ba lalle ku sami dila a karon farko ba. Za ku sami zabo, da kurege, da ƙadangare mai jan wutsiya a tsakanin ƙafafu, da ƙananan sawun ɓera kamar an yi zane da tsinke. Kada ka bar yara su raina waɗannan. Ka ce musu ga tukunyar dila nan a shimfiɗe, mai tukunya ba zai yi nisa ba.

In kun ga mai kama da nasa, a sassauta murna a bi shi da ido. Ƙaramin kare da dila sawu ɗaya ba ya raba su, tafiya ce ke raba su. Kare ƙosasshe ne, yana karkata nan ya shinshina can ya dawo. Dila yana da inda za shi, layinsa miƙaƙƙe, sau da yawa ƙafar baya na sauka kusa da inda ta gaba ta tashi. A nan ɗan makiyayin da ke zama a bayan aji yana shiru shi zai zama malami. Ka ba shi wuri ya yi bayani. Na ga yaron da bai iya karatun Faransanci ba ya tsaya yana karanta wa 'yan ajinsu yashi kamar wasiƙa, kuma daga ranar zamansa a aji ya sake.

Don a tafi da sawun gida, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora farar leda mai shara-shara a kai a bi gefensa da alƙalami mai kauri. In da hali, a kewaye shi da zoben kwali, babba ya narka kyandir a gwangwani ya zuba a hankali, a bari ya daskare, a ɗaga a kakkaɓe. Kowa ya rubuta rana da wuri a bayan nasa.

Idan kun ci karo da kashinsa, hannu ba ya taɓawa. Kai kaɗai za ka fasa da dogon kara, yara na tsaye suna kallo. Za a ga gashin ɓera, da ƙafafun fara, da ƙwallon magarya. Sai ka ciro takardar nan daga ƙwarya ta uku a gabansu a mayar da ita ta gaskiya. Ka ƙara musu da cewa ƙwallon da ya faɗi can nesa da uwar itaciya wata rana shi ma itaciya ne.

Gina masa daji a kan faifai

Yanzu sun san shi, saura gidansa. Ka raba su ƙungiya biyu bisa wutsiya, ka ba kowace babban faifai ko murfin kwali. 'Yan arewa za su gina ƙasar Waza: yashi da baƙar laka mai tsagewa, reshen ƙaya a madadin dushe da bagaruwa, aduwa nan da can, gefe guda kuma fili fetal wanda ambaliyar kogin Logon ke rufewa, wato yayre. 'Yan kudu za su gina ta Binuwai: jar ƙasa, gamba mai tsawo, ganye a madadin doka da kaɗanya da marke, kogi da yashinsa. Ka gaya musu dalilin bambancin. Garwa na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, Injamena kusan rabin haka. Waza da Binuwai duk a 1968 aka mai da su gandun daji na ƙasa, Waza murabba'in kilomita 1,700, Binuwai 1,800. Zakuma ta riga su, tun 1963.

Kowace ƙungiya ta yi suri da laka ta huda shi a gindi. Dila ba ya son wahalar tono in ya sami na banza, tsohon suri ko ramin da dabgi ya bari shi yake gyarawa ya haihu a ciki. Yara da kansu za su gano cewa in dabgi ya ƙare, dila ya rasa magini.

Akwai iyayen da ba sa son yara su sassaƙa siffar abu mai rai. Ka tambaye su tun kafin ka fara, kuma ka girmama amsar. Aikin bai dogara da mutum-mutumi ba. Ƙwallon aduwa ya isa ya tsaya a madadin dila, tsakuwa a madadin ɓera.

Daga nan sai a taɓa dajin a ga abin da zai faru. A faifan arewa, ka zuba ruwa daga gefe ya malale yayre, sannan a gina ɗan tudu da laka a tare shi, a sake zubawa. Filin ya zauna a bushe. Abin da ya faru kenan bayan an gina madatsar ruwa ta Maga a 1979 don noman shinkafa: ambaliya ta ragu, ciyawa ta canza, kifi da namun daji suka ja baya, sai a 1994 aka fara buɗe wa ruwa hanya ya koma wani sashe. A faifan kudu, kowane yaro ya cire itace ɗaya ya ce na gawayi ne, wani ya share gefe ya ce gonar auduga ce. Ka tambaye su ina ƙwallon aduwar nan zai nufa. Da hannunsu za su tura shi bakin gari. Ban taɓa buƙatar ƙara bayani bayan wannan ba.

Wasan zare da wasan gida

Yara su yi da'ira, kowa da sunansa: ciyawa, masakwa, fara, ɓera, zabo, zomo, magarya, mushe, ungulu, dila, manomi. A miƙa zare daga mai ci zuwa abin da yake ci, har tsakiyar ta zama kamar saƙar gizo. Dila zai ga zare ya taru a hannunsa fiye da na kowa. Sai ka ce an zuba guba a mushe. Dila ya saki zarensa ya zauna, ungulu ma ta zauna, tunda mushe ɗaya suka ci. Ka ƙaro yara uku su zama ɓeraye, duk su ja zaren masakwa lokaci guda. Manomi zai ji a hannunsa.

Wasan gida gajere ne, ƙanana suka fi son sa. Dila mace ɗaya yake zama da ita, su tsare yankinsu tare. Ciki wajen wata biyu ne, 'ya'ya uku zuwa shida. Iyaye kan haɗiye abinci a daji su dawo su amayo wa 'ya'yan, kuma wani lokaci ɗan bara yakan zauna ya taya renon ƙannensa. A ɓoye gyaɗa a fili, uwa da uba su nemo su kawo rami, yaya na gadi, wani ya zama kura yana zagaye. A yi sau ɗaya da yaya, sau ɗaya babu shi, a ƙirga 'ya'yan da suka tsira. A rufe da kuka: 'yan baƙar wutsiya su ja dogon kuka, 'yan farar wutsiya su yi gajere mai kama da na mujiya, domin haka nasu yake.

Asarar makiyayi, da cizo

A cikin ajin akwai yaron da dila ya ɗauke wa ɗan akuya. Kada ka ce masa ƙarya ne, kada ka ce ba komai. Dila na kama 'yan awaki da 'yan tumaki sabbin haihuwa, yana shiga kaji. Ka bar shi ya ba da labarinsa har ƙarshe, sannan ka mai da shi shugaban aikin gina garke. Da kara da ƙaya da laka, kowace ƙungiya ta gina ƙaramin garke da akurki, wata ƙungiya ta zo da ƙwallon aduwa ta nemi kafar shiga ta ƙasa ko ta gefe. Inda ya shige a toshe. Za su fito da abin da manya suka sani: shinge mai kauri har ƙasa, akurki a rufe da magariba, jarirai a kusa da gida makonnin farko, mushe a binne da zurfi.

Darasi ɗaya ne ba na yin sa da wasa, shi ne ciwon haukan kare. Dila na ɗaukarsa, yana kuma yaɗa shi, ko da yake kusan duk mutanen da ke kamuwa daga karen gida suke samu. Dila lafiyayye gudun mutum yake yi. Wanda ya shigo gari da rana tsaka ba tsoro, yana dalala ko yana tangaɗi, a guje shi a kira manya. Ba a ɗauko ɗan dila daga rami a kawo gida, komai kyansa. Wanda dila ko kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15 cur, sannan a tafi asibiti a ranar don allura, ko da raunin ƙarami ne. Da alamun ciwon sun bayyana, magani ya ƙare. Ina zana alama da alli a hannun kowa, mu wanke tare agogo na gabanmu, don su ji a jikinsu tsawon minti 15. Ka gaya musu kuma cewa a Injamena an yi wa karnuka allurar rigakafi unguwa-unguwa a 2012 da 2013, aka kai sama da kashi 70 cikin 100, ciwon ya ragu ƙwarai. Kowa ya koma gida ya tambaya ko an yi wa karensu.

Ba na ba da shawarar ɗaukar yara zuwa Waza ba tare da an tuntuɓi hukuma kan halin tsaro ba. Wanda ke Garwa yana da makarantar horar da ma'aikatan gandun daji a kusa, tana nan tun 1970, ana iya rubuta musu takarda a roƙi wani ya zo ya yi wa yara magana.

Mako na uku, kowa ya je wurin kaka ko kakansa da tambaya uku: yaushe kuka ji kukan dila na ƙarshe, a ina, kuma me ke wurin yanzu. Ya kuma tambayi maƙwabci Bafulatani ko Balaraben Shuwa ko Babarbare sunan dila a harshensu. A ɗinke amsoshin da zanen sawu da zare da allura su zama littafin aji. Bara wata yarinya ta dawo da amsar kakarta cewa a da daga ɗakinta take jin su a bayan rijiya, wurin da yanzu gidan mai yake. Ta ce: "Malam, to ina suka koma?" Na ba ta takarda ta rubuta da hannunta, ta jefa a ƙwarya ta uku, muka sa ranar Asabar za mu share yashi a mayon da ke gaba da gidan man.